Takalmin Ɗan Fari

A gidanmu na Kawo, in damina ta yi nisa, ba a tsakar gida muke hira ba. Rumfar girki muke shiga mu kewaye murhu, don ruwan Kaduna ba ya sallama kafin ya sauko. Lokacin Turawa ba su tafi ba, Kawo kuma ba ta wuce 'yan gidaje a bakin hanyar Zariya ba. In ka tsaya a bayan gidanmu ka dubi wajen Malali, gonaki ne da daji, sai matan Gwari da ke ɓullowa da itace a kafaɗa. Da wannan itacen Inna take tuƙa tuwo, da ragowar garwashin kuma Kaka take gasa mana masara bayan magariba, tana juya ta da yatsu kamar wuta ba ta cin fatarta.

Mu uku ne 'ya'yan gidan. Ni ne babba, sai Audu, sai Ladi. Kaka ita ta haifi Baba. Tsohuwa ce 'yar firit, ga tsokana kamar me. Ni take ce wa mijinta, yadda kakanni ke yi da jikokinsu, kuma ba ta taɓa rasa laifin da za ta ɗora mini ba.

"Wannan miji nawa, ko gishirin miya bai taɓa kawowa ba, sai ci. Janye ƙafafun nan, sun cika mana rumfa."

"To ki sake ni mana."

"Wa zai kwashe ka? Ai taimakonka nake yi."

Baba masinja ne a wani ofishin gwamnati. Kullum da sassafe yakan sa kakinsa, ya hau keke ya gangara cikin gari, ya dawo da yamma a gajiye, ba ya son yawan magana. Sau biyu ko uku a shekara akan tafi rangadi da shi, Kano ko Jos ko Sakkwato, ya yi mako biyu ko fiye. Duk rashin maganarsa, a kan tsaraba ba ya wasa. Ana gobe tafiya zai zauna a kan kifaffen turmi, ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya kira Audu. Audu ya taka ƙasa, Baba ya shimfiɗa tsinken daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya karya shi daidai nan. Ya kira Ladi ya yi mata haka, sannan ya zaga wuyan hannunta da zare saboda warwaro. Yana yi yana tambaya.

"Ke, ja kike so ko kore?"

"Ja, Baba. A'a, kore. A'a..."

"Tsaya a kan ɗaya, uwar rigima."

Ni ba a kirana. Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uba yana jin kunyar ɗansa na fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya tsayawa ya ƙare masa kallo, kada a ce ya fito da so fili. Sunana Garba, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. "Kai" yake cewa, ko "wancan". Inna ma haka, har ta fi shi. In zazzaɓi ya kama ni, sai ta dama kunu ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka ta wuce, kamar mantuwa ta yi da shi a wurin.

Ba wai ba a kawo mini tsaraba ba. Ana kawowa. Baba yakan ba su Audu nasu hannu da hannu, sannan ya tura wani ƙunshi gefen tabarma ya ce wa Ladi, "Kai wa wancan." In na kwance sai in ga takalmi sau-ciki, mai kyau, sau da yawa ma ya fi na Audu kyau. Sai dai ba ya shiga ƙafata.

Abin da ya jawo haka shi ne, tun ina shekara shida Kaka ta taɓa auna ƙafata da tsinke, ta ba Inna, Inna ta ajiye masa a kan akwati. Wannan tsinken ya adana, kuma da shi yake shiga kasuwa duk tafiya. Ya san yaro yana girma, don haka yakan ce wa mai takalmi ya ƙara faɗin yatsa ɗaya a kai. Ni kuwa ƙafar dangin Inna na gado, girma take kamar ana ja. Kowace tafiya takalmin yana bina a baya, bai taɓa cim mini ba.

Babu wanda ya gaya masa. Ni dai nakan je in durƙusa a ƙofar ɗakinsa in ce, "Na gode, Allah ya ƙara buɗi." Shi kuma ya ce "To," yana duban wani wuri. Ranar Juma'a in lanƙwashe yatsuna in cusa ƙafa, in bi bayansa zuwa masallaci ina ɗingishi, in dawo da bororo a dunduniya. Bayan mako biyu takalmin ya koma ɗakin Inna yana jiran ƙafar Audu, ni kuma in koma wa nawa na tsohuwar taya. Inna tana gani, amma in ta buɗe baki a kaina za a ce ba ta da kunya.

Kaka ta sha cewa in kawo ƙafar ta sake awo. Na ƙi.

"Ai a gidan nake kwana. In yana so ya sani, ga ƙafar nan."

"Ji mini ɗan banzan taurin kai. Kai da shi kamar an tsaga kara."

Ita ma ba za ta iya tarar Baba da maganar ba, don shi ne nata ɗan farin. "Mai keke" take ce masa. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa Inna da ƙarfi yadda zai ji, ko ta gaya wa bango. Haka muke zaune, gida ɗaya, kowa yana kewaya kowa.

Daminar da na cika sha ɗaya, Kawu Bala ya zo. Yayan Inna ne, tela a Zariya, Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Shi babu kunya tsakanina da shi. Ya kama kafaɗata ya juya ni gaba da baya, ya dubi ƙasa ya yi dariya.

"Kai, wannan ƙafa ai ta taka keken ɗinki ce! Ku ba ni shi in koya masa sana'a."

Ya faɗa cikin raha, amma kafin ya tafi ya sake faɗa wa Baba a zaure, ba da wasa ba. Ya ce Juma'a mai zuwa zai dawo ya ji amsa, in an ba shi, mu wuce tare.

Kowa ya san abin da Baba zai ce. Mutumin da aka roƙi ɗansa na fari ba ya hanawa, sai dai in yana da hanzari mai ƙarfi. Baba kuwa yana da shi. Na taɓa jin yana gaya wa maƙwabcinmu cewa bayan kaka zai sa "wancan" a makarantar boko, har ya yi magana da wani a ofishinsu. Da ya faɗi haka, da Kawu ya haƙura, ba wanda zai zarge shi. Ni kuma na bi gida ina cewa Zariya nake so, na gaji da Kawo, har na ɗaure 'yan tsummokarana tun ranar Litinin. Ƙarya nake yi. Abu ɗaya nake so a duniya a wannan makon: Baba ya ce a'a.

Ranar Alhamis ruwa ya tsuge tun la'asar. Baba ya dawo a jiƙe yana tura keke, taya ta yi faci a hanya. Bayan an ci tuwo ya jawo keken bakin rumfa don ya sami hasken wuta, ya ba mu baya, ya zaro robar cikin taya yana tsoma ta a kwanon ruwa, yana neman inda ta huje. Bai taɓa zama kusa da hirarmu haka ba. Inna tana gefe tana wanke kwanoni. Kaka ta dubi bayansa, ta jera masara a kan garwashi, ta gyara zama.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, ruwa yana dukanta. A buɗe mata?" Mu kuma mu ce, "A buɗe mata!" A wannan ranar ta faɗa da murya sama da yadda ta saba.

Ta ce wai an yi wata shamuwa da ta yi sheƙa a kan tsamiya a bayan gari. Ta ƙyanƙyashe ɗanta na fari, ta dube shi sau ɗaya, ta ga bakinsa bai fi kafar allura ba, sai kunya ta kama ta, ta juya masa baya. Daga ranar, in za ta sauka a sheƙa, da baya take sauka ta wajensa. Daga baya ta sami wasu 'ya'ya biyu. Su kam tana kallonsu, tana gyara musu gashi, tana leƙa bakinsu.

In ruwa ya ɗauke, shamuwa takan yi tafiya mai nisa, ta bar wa tsamiya amanar 'ya'yan, sai ruwan fari ta dawo da tsaraba. Kafin ta tashi takan ce wa ƙananan su buɗe baki ta gani. Ta ga na wannan ya isa kwaɗo, na wancan ya isa ƙadangare. Na babban kuwa, abin da ta sani shi ne kafar allura. Don haka in ta je can, sai ta fi daɗewa wajen neman tasa tsarabar. Ta bi gona bakwai tana zaɓen fara, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan ta ajiye, har ta sami 'yar mitsitsiya mai taushi wadda ba za ta shaƙe jariri ba. Ta sa ta a ƙarƙashin harshe. Ta ƙetare kogi da dutse, yunwa tana cinta, ba ta haɗiye ba.

Ladi ta ce, "Ni da na haɗiye."

"Ke ai mun sani. Rufe baki."

In ta iso, ta ba ƙananan nasu, sannan ta miƙa farar ta bayanta ta ce, "Ungo." Babban, wanda ya riga ya zama ƙato har sheƙa tana lotsawa da shi, ya karɓa ya ce ya gode. Ya haɗiye, bai ma ji wucewarta ba. Bai taɓa cewa ba ta ishe shi ba. Shi ma ɗan shamuwa ne, yana da tasa kunyar, yana kuma da nasa girman kan.

A nan Kaka ta ɗan harare ni ta gefen ido. Na sunkuyar da kai ina ɓare masara.

Rannan sai hankaka ya sauka a kan tsamiyar. Ya dubi babban tun daga kai har ƙafa, ya ce, "Wannan ƙaton wa ya bar shi da yunwa? Shamuwa, ba ni shi mana." Shamuwa tana juye da baya, gashin wuyanta yana rawa, ta ce, "Ɗauke shi. Me zan yi da shi?"

Inna ta ajiye kwanon da ke hannunta da ɗan ƙarfi.

"Iya, wato yayana ne hankaka?"

"Ni na kama sunan wani? Hankaka ai mutumin kirki ne, kullum ƙirjinsa fari fat kamar wanda ya ɗinka wa kansa sabuwar riga."

Audu ya fashe da dariya har masara ta sarƙe shi. Inna ma ta yi murmushi ba da son ranta ba. Baba bai juyo ba, amma hannunsa ya tsaya a cikin kwanon ruwa.

Kaka ta ce hankaka bai cuci yaron ba. Ya ciyar da shi ya ƙoshi, ya koya masa duk abin da hankaka ya sani. Sai dai hankaka ba ya tafiya mai nisa, don haka ɗan shamuwa bai taɓa sanin hanyar da iyayensa ke bi ba. Da shekara ta kewayo, shamuwa ta dawo da 'yar fararta saboda sabo. Ta miƙa ta baya ta ce, "Ungo." Shiru. Ta sake cewa, "Ungo." Shiru. A na uku ta juya, karo na farko tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Ba kowa. Sai gurbin da yake kwanciya, ta ga ya kai girman jikinta. Ta dubi gurbin, ta dubi abin da ke bakinta.

Ta tashi nemansa. Amma ina za ta fara? Ba ta san fuskarsa ba. Ya sha wucewa ta gabanta cikin hankaki, ba ta gane shi ba, shi kuma bai yi magana ba. Sai ta hau kan rufin ɗaki tana waƙa. Kaka ta rera da 'yar muryarta mai karkarwa:

"Wa ya ga babba, wa ya ga nawa?
Na san motsinsa, ban san fuskarsa ba.
Ga tsarabarsa a bakina,
Ta bushe, ban haɗiye ba."

Ta ce shi ya sa har yau in ka ga shamuwa a kan rufi, za ka ga tana juya kai, ta dubi nan, ta dubi can. Ba kwaɗo take nema ba.

"Baƙuwa ta sha ɗumi, ta koma inda ta fito," in ji Kaka. Haka take rufewa.

Ba wanda ya ce a ƙara wata. Ruwa yana ta zuba daga bakin rumfa. Can sai Baba ya yi gyaran murya. Bai taɓa sa baki a tatsuniya ba, kuma ko yanzu keken yake kallo.

"Shamuwa ba ta yi laifi ba. Haka ta tarar ana yi."

Kaka ta amsa wa garwashi, ba shi ba.

"Ban ce ta yi laifi ba. Cewa na yi har yau tana kan rufi."

Ya maida roba cikin taya, ya buga iska, aka kira lisha ya fita. Na kwanta ina murna a ɓoye. Na ce ya ji, ya gane, gobe zai hana.

Da safe ya fita tun kafin mu tashi. Ya dawo kafin sallar Juma'a da wani ƙunshi ɗaure a bayan keke, ya shige da shi ɗaki. Bayan an sauko daga masallaci Kawu Bala ya iso, suka zauna a zaure. Na laɓe a bayan ƙofa. Suka gaisa, suka yi maganar ruwa da hanya, sannan Kawu ya ce, "To, maganar yaron nan fa?"

Na kasa kunne. Na ji Kawu yana gyara zama. Na san maganar makaranta tana bakin Baba, ina jin yadda yake juya ta. Sai ya ja numfashi, ya ce, "Haba Bala. Ai ɗanka ne. Sai ka tambaye ni?"

Shi ke nan. Ban yi kuka ba. Na shiga na ɗauki ƙunshin da na ɗaure tun Litinin, wanda na ɗaure don a ce in kwance.

Inna tana ɗaki, ba ta fito ba, ta aiko Ladi da ƙullin ƙuli-ƙuli. Kaka ta raka ni har zaure tana cewa, "Tafi, na huta. Audu zan aura, ya fi ka kyau." Amma ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, sai da Kawu ya ce mota za ta wuce mu.

Baba ya biyo mu bakin hanya, inda motocin Zariya ke tsayawa, yana tafe a baya kamar hanya ce ta haɗa mu. Da motar ta zo, Kawu ya hau, ni ma na kama katako zan hau, sai na ji an ce, "Kai." Na juya. Ƙunshin nan da ya zo da shi a bayan keke ne a hannunsa. Ba Ladi, ba gefen tabarma. Shi da kansa ya miƙo mini, fuskarsa tana duban hanyar cikin gari.

"Ungo."

Na karɓa da hannu biyu. Motar ta tashi.

Sai da muka yi nisa na kwance. Takalmi ne sau-ciki, baƙi, sabo fil. Na zura ƙafa, ta shige, ta yi ta shigewa. Da na kai yatsuna ƙarshe, sai da hannuna ya shiga ta bayan dunduniya. Takalmin babban mutum ne. Kawu ya duba, ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Wannan ai kwalekwale ne! Soja ubanka ya saya wa?"

Mutanen motar suka taya shi. Ni ma na yi 'yar dariya, don ban san abin da zan yi ba. A lokacin haushi na ji. Sai daga baya na gane abin da ya faru a wannan safiyar. Baba ya ji tatsuniyar sarai. Ya bar tsohon tsinke a gida, ya shiga kasuwa da niyyar gyara kuskuren shekara biyar. Ya dai san na girma. Iya ina na kai, wannan sai an duba, dubawar kuwa ita ce abin da ya gagare shi. Na cusa ƙyallayen shagon Kawu a bakin takalmin na yi ta ja. Sai da na shekara uku kafin ya zauna mini.

Kawu ya riƙe ni da kyau, ba ni da abin cewa. Na koyi ɗinki. Boko kuwa ban yi ba, sai yanzu da furfura nake zuwa ajin manya da yamma. Kaka ta rasu ina shekara ta biyu a Zariya, labari aka aiko. Baba nakan gan shi da salla, in durƙusa in gaishe shi, ya ce "To, madalla," ya tambayi Kawu. Haka muka yi har ya bar duniya.

Na daɗe ina ɗauka cewa Baba kaɗai Kaka ta jefa da wannan tatsuniya. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini cewa shi ma yana ɗan shekara shida aka roƙe shi, Kaka ta ce a ɗauka, aka tafi da shi Katsina wurin ƙanen ubansa. Bai dawo hannunta ba sai da gemu. Ashe tsohuwar nan da ke juya masara tana tsokanar kowa, labarin kanta take bayarwa. Ta san inda hanyar take ƙarewa, ta hango ɗanta ya kama ta, kuma ba ta da bakin da za ta ce masa ya tsaya, sai ta bakin tsuntsu.

Na dawo Kaduna na buɗe shago a nan Kawo, wadda yanzu ba ka jin komai sai ƙarar motoci. Na auna rabin mutanen unguwar nan. In salla ta matso, iyaye maza sukan zo da yadi su ce a ɗinka wa yara, ba tare da yaran ba. In na tambaya, "Ya kai ina?" sai mutum ya nuna da hannu, nan da nan, daidai ƙugunsa ko ƙirjinsa. Wani kuwa sai hannun ya tsaya a iska, ya ɗaga, ya sauke, ya ce, "Kai dai yi shi da ɗan girma." Ba na tambaya. Na san na wane ne.

Da ina da bakin yi musu faɗa, da na yi. Ba ni da shi. Ina saurayi na yi rantsuwa cewa in na haihu ba zan yi wannan kunyar ba. Ranar da aka haifi ɗana na fari, tsofaffi suka cika gida suna kallona, aka miƙo shi, sai na ji hannuwana sun koma baya da kansu. Daga nan abin ya bi jiki. Ni tela, tef yana rataye a wuyana tun safe har yamma, amma kayan sallar yaron nan, sai in ce wa uwarsa ta kawo mini tsohuwar rigarsa, in shimfiɗa a kan yadi, in ƙara yatsa biyu. Wata shekara ta ɗame shi, wata shekara ta yi masa burum. Yakan zo ya durƙusa ya ce ya gode. Ina jin muryar, ina sanin abin da ke ƙarƙashinta, in ce "To," in ci gaba da taka keke. Zaɓen yadin kam ba wanda ya kai ni. Nakan zaga kasuwa sau uku saboda shi. Amma na gane, a makare, cewa ba a kasuwa ake zaɓar wa yaro kyauta ba. A gida ake zaɓa, lokacin da ka tsaya ka dube shi. Sauran duk wahalar ƙafa ce.

Bara yaron ya sami aiki a Ikko. Ya zo shago ya yi mini sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Babu kowa sai mu biyu. Na gaji a ranar, bayana yana ciwo, kuma ina jin na gaji da wani abu da ya fi ɗinki daɗewa a jikina. Na tsayar da keke.

"Tashi ka tsaya nan."

Ya tashi yana duban bayansa, ko da wani nake. Na ciro tef daga wuya. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon rufi, ni ina kallon tef, kamar baƙi biyu. Na auna tsawo, na auna hannu, na auna wuya. A gefen haɓarsa akwai wani ɗan tabo da ban san lokacin da ya same shi ba, ban kuma tambaya ba. Da na zo kafaɗa sai da na ɗaga hannuwana sama. Na duba awon, na sake aunawa.

"Ashe ka fi ni kafaɗa."

Ya sauko da idonsa daga rufin.

"An daɗe, Baba."

Na ɗinka rigar a kwana biyu, na aika masa kafin ya hau jirgi. Uwarsa ta ce ta zauna masa daidai, ba ƙari ba ragi. Shekararsa ashirin da shida. Ita ce ta farko.